Ƙwai Ɗari Tara a Gangaren Valparaíso

Nélida, 'yata, tun da lasisi ya shiga jakarki,
zauna in ba ki abin da makarantar tuƙi ba ta sayarwa.

Ranar Talata ce, hazo ya taso daga teku
ya lulluɓe jiragen ruwa har wuya.
Ina gangarowa daga tudun Barón da ƙwai ɗari tara,
giya ta biyu, ƙafata a kan birki,
sai wata jar mota ta faso daga hagu
kamar an harbo ta da baka.

Ƙarar ba ta daɗe ba. Shirun da ya biyo ta ne ya daɗe.
Na ga gwaiduwa tana bin kwata,
a hankali, tana neman teku,
karnukan unguwa na lasa suna kaɗa bindi.

Yaron da ke jar motar bai kai ki shekaru ba,
leɓensa ya fashe, yana kiran uwarsa.
Na dafa kafaɗarsa na ce, "Yi haƙuri, ɗana, yi haƙuri."
Tausayi ne ya yi magana, ba laifi ba.
Amma magana zarar bunu ce:
bayan wata biyu na tarar da kalmomin nan
a takardar kamfanin inshora, an ja musu layi,
wai direban ƙwai ya amsa laifi da bakinsa.

Don haka ki ji.
Kashe injin tukuna. Laluba jikinki: wuya, haƙarƙari, yatsu.
Duba na ɗaya motar. In akwai rauni kira motar asibiti,
sannan 'yan sanda, ko da an roƙe ki a sasanta a gefen titi.
Ki ba da ruwa, ki ba da rigar sanyinki,
amma kada ki raba laifi a kan kwalta;
ba a yanke hukunci zuciya na dukan uku-uku.
In da hali ɗauki hoto kafin a ja motocin:
lamba, fitila, sawun taya, har da hazon.

Ni ban ɗauka ba. Wayata na ƙarƙashin kujera cikin ɓawon ƙwai.

Kuma na ce lafiyata ƙalau, na ƙi asibiti.
Kwana uku wuyana ya ƙi juyawa,
har yau in kin kira ni ta dama da dukan jikina nake waiwayowa.
Kamfani ya ce, ina takardar likita ta ranar?

Suka aiko wani mai ƙamshin turare da biro mai nauyi
da kuɗin da ba zai sayi ƙofa ɗaya ba.
Saura ƙiris in sa hannu.
Uwarki ce ta janye takardar, ta ɗora mata tukunyar miya.

Ofishin lauya Pilquimán na hawa na uku, saman shagon gyaran takalma.
Gajeriyar mace ce, ba ta murmushi kyauta.
Na tambaye ta nawa za ta karɓa, ta faɗa, ta rubuta,
sannan ta ce, "Wa ya gani?"
Na ce babu.
Ta ce, "A garin da kowace taga ke leƙen ta ƙasa da ita?
Koma ka laluba aljihunka."

A rigar ranar, wadda na jefa bayan ƙofa ban sake taɓawa ba,
na sami guntun takardar naɗe kifi, tana ƙarni,
da lambar waya da suna: Herminia.
Mai kifin kusurwa ce ta cusa mini ina cikin ruɗewa.
Ta zo da rigar aikinta, ta ce jar fitila yaron ya keta,
ta faɗa sau uku, ko wasali ba ta canja ba.

Wata goma sha ɗaya aka kwashe.
An biya mota, an biya rabin wuya.
Ƙwai kuwa, karnuka sun ci bulus.

Ga makulli. Ga katin Pilquimán, sa shi bayan lasisin.
In kin bi ta kusurwar nan ki sayi kifi,
kuma kada ki nemi ragi.